Kuɗin tikitin kasuwar Laraba ina suke tafiya, burtsatse na mace muna karo-karo?

Abba_Tela:
Slm jama'ar gida barkanmu da warhaka. Tambaya gareni kuma don Allah kar kowa ya maida ta siyasa. Burtsatsen sola na bakin asibiti tun kafin azumi ya tsaya, mata da yara sun koma rijiyar bayan makaranta wadda kowa ya san yadda ruwanta yake komawa idan damina ta sauka. Jiya bayan isha'i aka yi sanarwa a masallaci wai kowane magidanci ya kawo N2,000 a gyara. Ni ba ƙin bayarwa nake ba, amma duk Laraba ana yankar tikiti a kasuwa, mai tumatir ya biya, mai awaki ya biya, ɗan acaɓa ya biya a tasha. To waɗannan kuɗin aljihun wa suke shiga? Gyaran ruwan nan aikin ƙaramar hukuma ne ko aikinmu ne? Masu ilimi a fahimtar da mu.

Maman_Khairat:
Allah ya saka da alkhairi Abba, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ku maza kuna majalisa kuna shan shayi, mu ne muke tashi da asuba muna layi. Jarka ɗaya a wajen ƴan garuwa yanzu sai ka yi tunani kafin ka saya, kuma gida mai yara jarka nawa zai sha a yini ga wanki ga girki. Ni dai ko waye zai gyara a gyara, in karo-karon ne mu bayar a wuce wajen.

Sadiq_Abuja:
Kada wanda ya ba da ko sisi. Haka ake lalata su wlh. Yau ku gyara burtsatse, gobe ku sayi alli a firamare, jibi ku yi kwalbati da kanku, to shi ciyaman aikin me zai yi? Zaman ofis da rakiyar gwamna filin jirgi?

Maman_Khairat:
@Sadiq_Abuja kai da kake buɗe famfo a banɗaki ai da sauƙi ka ce kar a bayar. Zo ka kwana biyu a gida tukuna.

Tsohon_Hedimasta:
Assalamu alaikum. Abba tambayarka tana kan hanya, bari na ɗan yi bayani yadda na sani. A kundin tsarin mulki na 1999 akwai jadawali na huɗu, a nan aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, duk nata ne. Sannan tana da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya tare da jiha. Saboda haka tikitin kasuwa halas ɗinta ne ta karɓa, wannan ba a jayayya. Abin da ya kamata ku tambaya shi ne, takardar da ake ba ku tana da hatimin ƙaramar hukuma da lamba a jikinta, ko kuwa ƴar takarda ce da wani ya buga a shago? Idan babu lamba babu hatimi to babu wanda zai iya lissafin abin da aka tara, kuma ba lalle ya isa baitulmali ba. Shi ruwa ba a ambace shi ɓaro-ɓaro a jerin ba, shi ya sa kowa ke tura wa ɗan'uwansa, ƙaramar hukuma ta ce na hukumar ruwan karkara ta jiha ne, jiha ta ce ai an miƙa wa al'umma.

Abba_Tela:
Allah ya ƙara lafiya Baba Malam. To ni tikitin da nake gani a hannun mutane wani lokaci ruwan hoda wani lokaci fari, ban taɓa lura da lamba ba gaskiya.

Hajiya_Mai_Waina:
Ni da nake zama a kasuwar bari na faɗa muku. Rabin lokaci ma ba a ba ka komai, yaro ne zai zo ya tsaya a kanka ya ce Hajiya kuɗin waje, ka miƙa ya wuce. In ka ce ina takarda ya ce ta ƙare. Ga na shara daban, kuma sharar mu muke sa almajirai su share mu biya su. Rumfunan da iska ta yaye bara har yau mu muka sa buhu muka ɗaure.

Na_Honarabul:
Jama'a a riƙa adalci. Mai girma kansila ya san da maganar burtsatsen nan, ya rubuta takarda ya kai sakatariya, da idona na gani. Ku kuna ganin kamar kansila yana da wata taska ne a ɗaki. Albashinsa kafin ya iso gida masu suna da masu mara lafiya sun gama da shi a ƙofar gida. A yi haƙuri abu yana kan hanya insha Allah.

Sadiq_Abuja:
Hhhh yana kan hanya. Wace hanyar, wadda ruwa ya cinye a mashigin rafi? To ai ba zai iso ba sai rani.

Barista_Ƙarami:
@Na_Honarabul ba wanda ya ce ya cire daga aljihunsa. Aikin kansila shi ne ya zauna a majalisar ƙaramar hukuma, su amince da kasafin kuɗi, su yi dokokin cikin gida, su tambayi ciyaman abin da ya yi da kuɗi. Tambaya ɗaya zan maka, kasafin bana ya gani kuwa? Akwai mazaɓarmu a ciki? In akwai ya ɗauki hoton shafin ya turo nan.

Sannan ga masu cewa babu kuɗi. Daga asusun tarayya, kason ƙananan hukumomi 774 shi ne kashi 20.6 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai a lissafin naira. Kuma ba sirri ba ne, ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu, mai data zai iya dubawa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Ministan shari'a Lateef Fagbemi ne ya shigar da ƙarar a kan gwamnoni 36. Matsalar ita ce aiwatarwa, asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi na nan a sashe na 162 na kundin ba a goge shi ba, kuma gwamnoni ba su saki abin da suka saba riƙewa cikin sauƙi ba.

Ɗan_Kwamasho:
Barista duk turancin nan naka mun ji. Amma ka san ko an turo kuɗin kai tsaye, wa ya ɗora ciyaman ɗin? Zaɓen ƙananan hukumomi da aka yi a Kano a Oktoban 2024 jam'iyya mai mulkin jihar ta cinye kujerun ciyaman 44 cif da kansiloli 484. Je Jigawa, je Kaduna, je Katsina, duk jihar da ka duba mai mulki ne ke kwashewa, ba ruwan wannan da launin hula. Wanda aka ɗauko aka ba shi kujera ba zai ce wa wanda ya ba shi a'a ba.

Admin_Garba:
Ɗan Kwamasho a kiyaye, dokar zauren nan ba a kawo jam'iyya. Maganar ruwa muke.

Ɗan_Kwamasho:
Ai ban zagi kowa ba Admin, duka na haɗa.

Injiniya_Sola:
Ni na je na duba burtsatsen da kaina ranar Juma'a saboda mahaifiyata a unguwar take. Kafin a tara kuɗi ya kamata a san me ya lalace, don naji ana cewa sabon famfo za a saya. Faifan sola guda biyu babu su, an kwance an tafi da su, wayar da ta sauka ƙasa an yanke wani ɓangare, akwatin kwantirola kuma ruwa ya shiga. Shi famfon da ke cikin rami ba wanda zai ce ya mutu sai an zaro shi an gwada. Zai iya yiwuwa lafiyarsa ƙalau wuta ce ba ta isa gare shi. To in an tara kuɗi an sayi sabo alhali tsohon na aiki, wa ya ci ribar? Kuma ko an gyara yau in ba a yi keji an walde faifan ba, ba a sa mai gadi ba, wata uku ba za a yi ba za a sake kwashewa. Irin waɗannan ayyukan da ake yi a ƙauyuka yawanci ana kafa kwamitin ruwa tun ranar miƙawa, maza da mata, su riƙa karɓar ɗan abu kaɗan kan kowace jarka suna ajiyewa don gyara. Namu kwamitin ina yake?

Maman_Khairat:
Tab. Ashe sata ce ma. To asibiti na kallon wajen, gidan mai unguwa ba nisa, a ce an kwance faifai biyu ba wanda ya ji ƙarar guduma?

Yarima_Ƙarami:
Ina roƙon a daina jefa sunan iyayen ƙasa cikin abin da ba su da hannu. Mai unguwa ba ɗan sanda ba ne. Kuma Dagaci Allah ya ja zamaninsa shi ya kira taron da aka yanke shawarar karo-karon, don ya ga an jira hukuma an gaji. Kun san abin da dagaci yake samu a wata kuwa? Baƙon da zai sauka a gidansa na sati ɗaya ya fi ƙarfinsa. Rigimar gona, rigimar aure, rigakafin yara, ƙidaya, duk shi ake nema, amma ranar rabon kwangila ba a san da shi ba.

Maman_Khairat:
Allah ya huci zuciyar Yarima, ban ce Baba Mai Unguwa ya ɗauka ba, tambaya na yi.

Tsohon_Hedimasta:
Maganar Yarima akwai gaskiya. Mu da muka ga ƙarshen zamanin En'e, a lokacin dagaci da hakimi su ne hukuma, su ke tara haraji da jangali, kotu da gidan yari da ƴan doka duk a hannun sarki suke kafin soja su karɓe. Gyaran 1976 ne ya kawo tsarin ƙananan hukumomi irin na yau ya maida sarakuna masu ba da shawara. Sai marigayi Abubakar Rimi ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali a jihar Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Ranar talaka ya yi murna ƙwarai, domin mun ga yadda ake shanya magidanci a rana a kan kuɗin haraji, wasu har gudun gari suke yi. Ba na fatan a dawo da wannan. Sai dai abu ɗaya da na lura, lokacin da mutum yake cire kuɗi daga jikinsa yana ba hukuma yana da bakin tambaya. Da aka koma jiran kason man fetur daga sama sai kowa ya ɗauka kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Shi ya sa tambayar Abba a kan tikiti ta burge ni, wannan kuɗin dai daga hannunku ya fita.

Bello_Rugga:
Baba Malam ka ce an soke jangali, amma mu har gobe muna biya ta wata hanya. Duk dabbar da ta shiga kara ranar Laraba sai an karɓi kuɗi, mai sayarwa ya biya mai saye ya biya. Kuma tun da ana maganar ƙaramar hukuma, burtalin da ya bi ta gabas da gari zuwa fadama fa? Kowace shekara sai an ci taku biyu an shuka gero, yanzu shanu biyu ba sa jerawa. In saniya ta saka baki a gona a ce Bafulatani ya yi ɓarna a kai shi gaban hakimi ya biya. Mu ma ƴan garin nan ne, kakana a nan aka binne shi.

Sani_Manomi:
Bello kar ka kawo wannan. Bara wake na kaɗai da aka cinye min da daddare wa ya biya ni? Burtalin ma ai ba mu muka fara ci ba, filaye aka yanka aka sayar daga bakin titi, ka je ka tambayi masu sa hannu.

Barista_Ƙarami:
Ku biyun duk ƙofa ɗaya za ku buga. A dokar filaye ta 1978 ƙasar karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, har da ware wurin kiwo. In an yanka burtali an sayar to akwai wanda ya sa hannu a sashen filaye, ko kuma an yi cinikin ba takarda wanda shi ma matsala ne. Kafin damina ya kamata a fito da Ardo da Sarkin Noma da wakilin hakimi a sake kafa duwatsun iyaka, ba sai an zubar da jini a zo ana kwamitin sulhu ba.

Admin_Garba:
Maganar burtali babba ce, a buɗe mata nata zaren daban don Allah. A dawo kan ruwa.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa, ni surukinku ne matata ƴar garinku ce shi ya sa aka saka ni. Wajenmu a Nijar ma haka abin yake, da muna da magajin gari da kansaye, wato kansiloli, da aka zaɓa a kowace kwamin, wato ƙaramar hukuma, to a watan Afrilun 2024 sojoji sun rushe su duka sun naɗa nasu masu riƙo. Amma batun ruwa a ƙauyuka da yawa ba kyauta ba ne, ana ba wani mutum ko ƙungiya riƙon famfo, kowace jarka da kuɗinta kaɗan, in ya lalace daga cikin kuɗin ake gyara. Mutane na ƙorafi kan farashi amma ruwan ba ya yanke wata da watanni. Ku gwada wannan.

Sadiq_Abuja:
Wato mu biya tikiti, mu biya karo-karo, mu kuma sayi ruwan da aka ce an kawo mana kyauta ranar kamfen. Madalla.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan wanda ke matsayin kansila ana ce masa asambuliman, kuma zaɓensa ba a yi da tutar jam'iyya, mutum da sunansa yake tsayawa. Ba albashin kirki gare shi ba sai alawus. Shugaban gundumar kuwa shugaban ƙasa ne ke naɗo shi majalisa ta amince, to ka ga mu ma ba mu tsira ba. Abin da ya fi mana aiki a zango shi ne in kwata ta toshe ko fitila ta mutu, matasa da sarkin zango da limamai su tafi tare da takarda a hannu, a buga mata hatimin karɓa a riƙe kwafi. Baki kaɗai ba ya aiki a ofis. @Na_Honarabul takardar da ka ce ka gani, akwai kwafi mai hatimi?

Na_Honarabul:
Zan tambayi mai girma in ya dawo, yana Kano wajen taro.

Hajiya_Mai_Waina:
Kullum yana Kano. Lokacin neman ƙuri'a har rumfata ya zauna ya ci waina ta N500 yana ce min Yaya. Ɗan ƙanwar ƙawata ne fa, ni na san ranar sunansa. Ba sai na je sakatariya ba, gidan uwarsa zan je.

Ɗan_Kwamasho:
Hhhhh Hajiya wannan ya fi takardar Barista saurin aiki wlh.

Nurse_Zee:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni a asibitin nake aiki, ba zan yi maganar ofis ba, amma ku sani mace in ta zo haihuwa yanzu sai danginta sun zo da ruwansu. Ga damina ta kusa, kuma duk wanda ya yi aikin lafiya a karkara ya san amai da gudawa daga rijiyar da ba ta da murfi yake farawa, yara ƙanana ne ke fara faɗuwa. Ku yi rigimarku da hukuma, haƙƙinku ne, amma kar a ce sai an gama rigimar za a gyara. Akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke zama kan harkar asibiti, shugabansu yana cikin zauren nan yana karantawa bai ce komai ba.

Alh_Mudi_Hatsi:
Ni ne shugaban da ake nufi, ƴata Zainabu na ji ki. Ban yi magana ba ne don ina sauraron kowa. Shawarata a yi duka biyun. Injiniya ya zaro famfo a gwada, ya rubuta abin da ake buƙata da farashinsa a karanta a masallacin Juma'a kowa ya ji. Faifan sola guda ɗaya ni na ɗauka, Allah ya kai ladan ga iyayenmu. Sauran a tara. Sannan ranar Litinin mutum biyar su je sakatariya da takarda, har da mace a ciki, a nemi a nuna mana abin da kasuwar Laraba ke tarawa da wanda aka ba kwangilar karɓa.

Abba_Tela:
Allah ya saka Alhaji, ya ƙara buɗi. Amma ni fa tsorona ɗaya, da zarar ruwa ya dawo kowa zai manta da maganar tikiti, haka aka yi lokacin katangar maƙabarta, muka tara muka yi rabi, aka ce hukuma za ta ƙarasa, ga ta nan har yau awaki na shiga. Ni zan ba da N2,000 ɗina amma sai na ga an kai takardar tukuna.

Sadiq_Abuja:
Ni har yanzu ina kan bakana, gyaran ba namu ba ne. Amma kuɗin mota da na buga takarda na masu zuwa sakatariya ina kaina, a turo min lambar asusu. In sun ƙi ba da amsa akwai dokar ƴancin samun bayanai ta 2011, akwai kuma gidajen rediyo a Kano da ke karanta koken jama'a kullum, ba abin da ɗan siyasa ke tsoro kamar ya ji sunan mazaɓarsa a rediyo da daddare.

Yarima_Ƙarami:
Kafin a kai ga rediyo a bi ta hannun Dagaci da Hakimi tukuna, kar a tsallake manya a zo ana jin kunya. Kuma wa zai riƙe kuɗin karo-karon? Wannan ma a faɗa yanzu.

Maman_Khairat:
Ba dai waɗanda suka riƙe na maƙabarta ba. A ba mata su riƙe, mu muke adashi shekara da shekaru ba a taɓa jin kuɗi ya yi ƙafa ba.

Sani_Manomi:
Hmm Maman Khairat kar ki sa na tuna miki adashin unguwar yamma.

Injiniya_Sola:
Zaro famfon sai da mutum huɗu masu ƙarfi da igiya, Asabar da safe kafin rana ta yi zafi. Wanda zai zo ya rubuta sunansa a nan. Kuma a nemo min makullin ɗakin kwantirola, an ce yana hannun tsohon shugaban kwamitin ruwa, wasu kuma sun ce yana asibiti.

Nurse_Zee:
Ba ya wajenmu.

Bello_Rugga:
Ni zan zo Asabar da ƙannena biyu. Admin zaren burtalin fa, ka buɗe ko ni na buɗe?